Ruwan da Alhaji Bai Sha Ba

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Na rubuta wannan ne saboda matan da mazajensu suka fara manyanta a ƙasar nan, domin namiji ba zai faɗa miki ba, ke ce za ki gane. Ni 'yar Maradi ce. Na yi fatauci tun ina da ƙarfin ɗaukar kaya a ka: atamfa a Kwatano, goro a Kumasi, zinariya a Jidda, kafin autarmu Hafsatu ta kawo mu Greensboro, nan ƙasar Turawa, ta ajiye mu a wani ƙaramin gida a Glenwood, tsakanin ɗaliban jami'a masu haya. Kasuwa ta koya mini cewa duk wanda ya cika yabon kayansa, ki juya kayan ki duba ƙasansa. Da wannan idon na shiga jinyar maigidana.

Abin ya fara ne da buta. Alhaji mutum ne da yake yin alwalar azahar ya kai ta la'asar, wani lokacin har magariba, kuma yana ji da hakan. A ɗan masallacin da mutanenmu na Nijar suke haɗuwa, in aiki ya riƙe liman, shi ake turawa gaba. Sai na ga buta ba ta hutawa. Yana fitowa daga bayi ya sake komawa. Na tambaya, ya ce shayi ne. Na daina dafa shayin, ya ce sanyi ne. Sanyi ya wuce, buta na nan tana aikinta. Ranar da na tabbata akwai magana ita ce ranar da ya dawo ya ce wai ya bar wa wani saurayi limanci don matasa su koya. Mutumin da ko a mota ba ya yarda wani ya zauna gaba.

Hafsatu ta kai shi gwajin jinin da suke kira PSA, aka ce lambar ta hau. Daga nan muka shiga jira. A Maradi layi ana ganinsa da ido, kina zaune a benci kin san wa ke gabanki. A Kumasi kin san wanda za ki gaisar a matsar da ke. A nan layin yana cikin kwamfuta, ba kya ganinsa, ba kya jin motsinsa, kina zaune a gida da randebu, wato ranar ganin likita, na makonni masu zuwa, ciwo kuwa bai san da randebu ba. Da lokacin ya zo aka tsakuro ɗan nama aka duba, aka ce daji ne a furostat, wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Mutanenmu suna ce masa dajin mafitsara, amma ba mafitsarar ba ce, maƙwabcinta ne. Ku riƙe wannan, domin maƙwabtakar ita ce duk labarin.

Turancin Alhaji na gaisuwa ne, nawa na ciniki. Hafsatu ce ke fassara, sai aka zo tambayoyin da uba ba ya amsawa a gaban 'yarsa. Shi ya sa muka nemi Baba Bitrus, abokin Alhaji, mutumin Filato, dattijo a cocinsu, wanda ya yi ritaya yana noman yakuwa da gauta a bayan gidansa a McLeansville. Shi ma ya taɓa yin irin wannan ciwon shekarun baya, aka yi masa hasken asibiti na yau da kullum a nan cikin gari, ya warke. Shi ya zama bakinmu da kunnenmu.

Likitan tiyata ya jera hanyoyi: a yanke a cire, ko a ƙona da haske, ko a zuba ido tukuna. Tambaya ɗaya Alhaji ya yi, ko bayan an cire mutum zai iya riƙe fitsari. Likitan bai ɓoye ba, ya ce wasu suna yoyo na ɗan lokaci, wasu kuma abin ya zauna musu. Alhaji ya ɗauki hularsa. A mota ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba:

"Mutuwa ba ta ba ni tsoro, Hajiya. Amma in tsaya gaban Ubangijina da kunzugu kamar jinjiri, wannan ban iya ba."

Tun daga ranar na san abin da muke jinya. Likitoci suna neman ransa, shi yana neman alwalarsa.

Hafsatu ce ta zo da maganar furoton. Ta ce wani irin haske ne na ƙananan ƙwayoyi da ake harbawa, ba ya ratsa jiki ya fita ta baya kamar na yau da kullum, yana shiga ne ya tsaya cak a inda aka ce ya tsaya, ya sauke ƙarfinsa a nan. Babu shi a Greensboro, sai wata cibiya a wani birni mai nisan tafiya a mota. Ta nuna mana hotunan tallarsu, tsofaffin Turawa masu farin gashi suna wasa a fili suna dariya. Na ce mata na ga irin wannan dariyar a jikin kwalin man shafawa na jabu a Kwatano. Ta amsa mini da Turanci, kamar yadda take yi in ta ji haushi.

Zargina ya ƙaru da kamfanin inshora ya ƙi biya, wai ba a tabbatar ya fi na yau da kullum ba alhali ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Mai sayarwa na cewa ya fi, mai biya na cewa bai fi ba, kuma kowannensu aljihunsa yake karewa. Ga Baba Bitrus a gabana da ƙafafunsa biyu yana huɗa. Na ce a yi irin nasa a huta. Amma Alhaji ya ji kalmar "tsayawa cak", ya kama ta. Likitar cibiyar ta yi ta rubuta wa inshora har suka sauko. Abin da suka bar mana, da man mota, da ranakun da Hafsatu ta rasa a sito inda take aiki a titin Wendover, awarwarona na Jidda ne suka tafi a kai. Ban yi kuka ba, don irin wannan rana ake sayen zinariya.

Gida kuwa, da labari ya isa, waya ta cika da saƙon murya. Laifin kalma ɗaya ne. Hafsatu ta gaya wa ƙanen Alhaji cewa za a yi masa gashi, kamar yadda ake faɗa a rediyo. Shi ya ɗauka irin gashin mai ciwon baya ne, ya ce akwai tsohuwa a unguwarsu mai yi da dutse mai zafi da man shanu, me ya sa za a ɓarnatar da dukiya. Wata ƙanwarsu ta ɗauka irin gashin nama ne, ta yi ta kuka wai za a mai da yayanta tsire. Aka aiko da saiwoyi ta hannun wani matafiyi. Wani ɗan ɗan'uwana da ke Jamus ya ce a kawo shi can, nasu hasken ya fi nauyi da ƙarfi. Kowa da maganinsa, ba wanda ya tambayi wa zai tuƙa mota.

Ranar da muka zauna da likitar haske, wata mace mai sanyin murya, na tafi da shirina. Tana bayani Baba Bitrus na juyawa, sai ta ambaci wata lamba, ɗaya da ɗigo ɗaya. Na ce a tsaya. Ta ce idan aka auna furoton da hasken yau da kullum awo ɗaya, furoton ya ɗan fi cizo a jikin nama, kamar da kashi ɗaya cikin goma, saboda haka suna lissafa wannan ƙarin su rage awon tun farko.

Na ce wa Baba Bitrus ya gaya mata wannan a wurinmu sunansa gyara. Kin sayi tiya ɗaya ta gero, mai awo ya ƙara miki da tafin hannu. A Kumasi suna ce masa ntoso, a Kwatano kado. A Jidda babu, sikeli ne. A kantunan Wendover ko ƙwayar shinkafa ba a ƙara wa mutum. Amma duk inda ake gyara, ban taɓa ganin hannu biyu sun zuba daidai ba. To wa ya auna wannan gyarar a jikin mijina?

Baba Bitrus ya ce, "Hajiya, in faɗa mata haka?"

Na ce ya faɗa, kada ya rage.

Likitar ta saurara har ƙarshe, ta yi murmushi, ta ce na yi gaskiya. Lambar yarjejeniya ce da likitoci suka tsaya a kai don aiki ya tafi bai ɗaya, ba awon kowane mutum ba ne. Ta ce ainihin cizon yana canzawa daga nama zuwa nama, kuma an fi zaton ya fi yawa a daidai ƙarshen tafiyar hasken, inda yake tsayawa. Wato gyarar a bakin tiya take taruwa. Shi ya sa suke shigo da shi ta gefe, ta kwatangwalo, ba sa nuna ƙarshensa ga hanji. Na tambaye ta kai tsaye ko ya fi irin na Baba Bitrus. Ta ce ba za ta iya rantse mini ba, ana kan dubawa, duka biyun suna aiki. Na fita ban san ko in yarda da ita don ta faɗi gaskiya ba, ko in ƙara jin tsoro don gaskiyar da ta faɗa. Na san 'yan kasuwar da suke nuna miki ƙaramin aibi da kansu don kada ki nemi babban.

Kafin a fara aka dasa masa wasu 'yan ƙwayoyin zinariya a cikin ƙullutun don na'ura ta riƙa gane wurin. Na tambayi karat nawa ne, ba wanda ya sani. Na ce wa Alhaji ga shi na sayar da tawa an sa masa a inda ba mai gani. Aka kuma zuba wani abu kamar kamu tsakanin ƙullutun da hanji don ya raba su. Sai dokar ruwa, wadda suka maimaita har ta gundure mu: kowace rana in mun iso, ya shiga bayi ya zubar da abin da ke ciki, sannan ya shanye gora guda da suka ba shi, ya jira lokacin da suka yanka, a shiga da shi. Kada ya ƙara, kada ya rage. Mafitsara in ta cika daidai yadda take ranar da aka yi awo, tana ɗaga hanji sama, ita ma yawancinta ta kauce daga hanyar hasken, ƙullutun kuma ya zauna a wurinsa na jiya.

Makon farko lafiya lau. Muna fita da safe, wani lokaci Hafsatu ta tuƙa, wani lokaci Baba Bitrus, mota ta yi rawaya da garin furen itatuwa na wannan lokacin. Alhaji ya shiga ya fito ya ce bai ji komai ba, ko ɗumi. Wannan ma ya dame ni. Maganin da ba ya ɗaci, ba ya zafi, ba a ganinsa, ta yaya zan san an ba shi?

A mako na biyu aka ga watan azumi. Liman da kansa ya zo gida ya zauna da Alhaji, ya karanta masa abin da shi Alhajin ya fi shi sani, cewa marar lafiya ya sha ya rama. Alhaji ya ce to. Shekarunmu tare sun kai in san cewa "to" ɗin da ya fito da sauri ba to ba ne, amma hankalina yana kan asibiti.

Daga nan abubuwa suka rikice. Yau a shiga da shi a fito da shi, wai mafitsara ta cika fiye da kima, ya je ya rage. Gobe a ce babu komai a ciki, ya ƙara sha ya jira. Ya ɗauki gora ya shige ɗakin canza kaya, ya fito da ita fanko, mu zauna, waɗanda suka zo bayanmu su shiga su fita, a sake duba shi a ce har yanzu. Wata rana bayan duk wannan tafiyar aka ce mu koma gida, ba za a harba ba.

Ni kuwa na gama yanke hukunci. Na ce na'urar ce ta lalace suke ɗora wa tsoho. Na ce kowane hoto da suka sake ɗauka kuɗi ne suke rubuta wa inshora. Na ce dubi waɗanda ake shigarwa gabanmu, dubi kalarsu, dubi tamu. Na sa Hafsatu ta kira ta bincika, aka ce ba a ƙara mana komai ba, na ce ai ba za su faɗa ba. Baba Bitrus ya ce in yi haƙuri, shi bai ga alamar haka ba. Na ce masa shi mutumin coci ne, kowa nagari ne a wurinsa. Alhaji yana kujerar gaba yana jinmu, leɓɓansa a bushe.

Na nemi ganin likitar, na zazzage mata abin da ke cikina, rabi da Turancina rabi da Faransanci, ban jira mai fassara ba. Ba ta yi fushi ba. Ta juyo da allon kwamfuta ta nuna mini hotunan cikinsa na kwanakin. Wata rana mafitsarar kamar balan-balan, washegari kamar busasshen lemon tsami. Ta ce ba za ta yarda a harba haske a wurin da yake yawo ba. Ta ce ko dai ruwan ba ya shiga, ko kuma ƙodarsa ce ta samu matsala, za ta sa a gwada. Na ce ruwan yana shiga, da idona nake ganin gorar fanko. Na fito da sabon tsoro, na ƙoda.

A gida, tunda ni ina azumi shi ba ya yi, nakan dafa masa abincin rana in kai masa ɗaki in ja ƙofa, don kada ya ji nauyin ci a gabana. Kwano yana dawowa a share. Da asuba kuma yakan tashi ya zauna da ni wurin sahur, wai yana taya ni hira, yana ta kwankwaɗar ruwa da kunu. Har na gaya wa Hafsatu cewa ciwo ya sa babanta ya koyi tausayi.

Ranar Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata ɗaliba ce daga gidan da ke jikin namu, doguwa mai ɗan kunne a hanci, riƙe da kwanona mai murfi. Ta ce tsohon da yake miƙo musu abinci ta taga bai karɓi kwanon ba jiya, shi ya sa ta kawo. Ta ce ita da abokan zamanta suna godiya, ba su taɓa cin shinkafa mai daɗin wannan ba, kuma wai mene ne sunan ganyen nan da nake sawa a dambu.

Na ce mata zogale. Na karɓi kwanon, na yi mata godiya, na rufe ƙofa a hankali.

Na cika kofi da ruwa na kai ɗaki na ajiye a gabansa, na ajiye kwanon kusa da shi. Ya dubi kwanon, ya dubi taga, ya ci gaba da jan carbinsa.

Na ce, "Alhaji, gorar asibiti fa, wa kake ba?"

Ya ce, "Famfon wanke hannu."

Sai ya shiga yi mini bayani kamar mai gaskiya. Cikakkiyar mafitsara suka ce suna so, shi kuma yana cika musu ita tun sahur ya riƙe har a iso. Ran da ya iya riƙewa su ce ta yi yawa, ran da ta fi ƙarfinsa a hanya su ce babu. Laifinsa ne in ba su san abin da suke so ba? Ya ce tun yana yaro bai taɓa shan azumi ba. Ya tuƙa babbar mota daga Agadas zuwa cikin sahara da azumi a bakinsa, rana na narka roba, bai sha ba. Sai yanzu a cikin ɗaki mai sanyi wata yarinya ta miƙa masa gora?

Na ce liman ya gaya masa hukunci. Ya ce ya san hukuncin kafin a haifi liman. Sannan muryarsa ta sauka.

"An ce in sha in rama. Hajiya, wa ya ba ni takardar cewa zan kai lokacin ramuwa? In wannan ne na ƙarshe fa?"

Abin da na sani na faɗa masa. Na tuna masa maganar likita, cewa gyarar a bakin tiya take taruwa, kuma ko su ba su san iyakar yawanta ba. Na ce in mai awo yana zuba gyara kai kuma kana jan buhu, a ƙasa take zuba. A nan ƙasan hanjinka ne da mafitsararka. Na ce ka ƙi wuƙa don kada ka rasa alwala, ka sa mun bar asibitin da ke bayan gidanmu muna cin hanya kullum don hasken da yake tsayawa cak, sannan kai kake matsar masa da wurin tsayawa.

"Azumi ana rama shi, Alhaji. Mafitsara in ta ƙone, a wace kasuwa ake ramawa?"

Ya ce azumin yau dai ya riga ya yi nisa, kuma gobe Lahadi ba asibiti. Na gane ciniki ne, na san kuma inda ake sallamawa. Na ce na bar masa yau da gobe, Litinin tawa ce. Na ɗauke kofin.

Ranar Litinin ban bar shi ya shiga ɗakin canza kaya da gorar ba. A ɗakin jira, a gabana, ya buɗe ta. Ya juya fuskarsa ga bango ya yi bisimilla ya sha, ina jin saukar kowane kurɓi. Baba Bitrus, wanda su ma suna cikin nasu azumin a lokacin, ya tashi ya ce zai duba ko ya kulle mota. Motar da ya kulle a gabanmu. Ranar aka shiga da Alhaji sau ɗaya aka fito da shi. Na je na sami likitar na gaya mata ba sai an gwada ƙoda ba, na kuma gaya mata dalili. Ta dafe kai, ta ce ina ma ta tambaya.

Ina ma kuwa. Wannan ƙorafina ne har gobe. Sun tambaye shi ko yana shan taba, ko yana shan giya, ko akwai matakala a gidansa. Ga hularsa, ga carbinsa, ga mayafina, ba wanda ya ce masa baba, watan nan naku ya kama, yaya za ka yi da ruwa. Amma ina gode musu da suka ƙi harbawa a ranakun da abin bai daidaita ba. Abin da na kira cuta da wulaƙanci, shi ya tsare shi.

Sauran makonnin ba su zo da sauƙi ba. Fitsari ya riƙa yi masa zafi, yana zuwa masa ba sallama, har muka haddace duk gidajen man da ke kan hanya. Ciki ya ɗan sake. Gajiya ta kama shi, ya dawo ya kwanta kamar an zare masa laka. Ranar salla ya tsaya a sahun ƙarshe kusa da ƙofa. Saiwoyin Maradi suna cikin firiza, likita ta ce kada a haɗa, ni ma ban san mene ne a ciki ba balle in yi musu. Ranar ƙarshe ma'aikatan suka taru suka nuna masa wata ƙararrawa da masu gamawa suke kaɗawa. Alhaji ya ce shi ba ya kaɗa ƙararrawa. Baba Bitrus ya ce, "Matsa, wannan aikinmu ne na 'yan coci," ya kaɗa ta har sai da aka leƙo daga wasu ɗakunan.

Yanzu lambar jinin ta sauka, tana kuma ƙara sauka, amma sun ce shekaru za a yi ana dubawa, ba a cewa an gama. Sau ɗaya ya ga ɗan jini, aka duba aka ce ba abin tashin hankali ba ne. Na tambayi likitar ko kwanakin nan na rikici sun bar wata ɓarna. Ta ce ba ta zato. Na ji kalmar zato, na ajiye ta kusa da ɗaya da ɗigo ɗaya. Ko furoton ya fi hasken yau da kullum, ban sani ba, kuma kada wanda ya karanta wannan ya ce na ce ya fi. Alhaji da Baba Bitrus suna zama a ƙarƙashin itace a McLeansville kowa yana yabon nasa, kamar masu gardamar Fijo da Toyota. Abin da zan ce wa 'yan uwana mata shi ne, ku tambayi likita har ya gaji, ku tambayi wa ya auna, ku tambayi me ba a sani ba. In kun gama duba asibiti, ku juyo ku duba mutumin da kuka kawo.

Ya rama azuminsa da sanyi, lokacin da rana take faɗuwa tun mutum bai ji yunwa ba. Na ce masa ga shi Allah ma ya yi masa gyara. Ya ce in bar shi ya ji da ibadarsa. Ɗaliban kuwa har yanzu ina aika musu dambu ranar Juma'a, amma ta ƙofa.

Watanni bayan haka, wata ranar Laraba, ya dawo daga masallaci bayan magariba ya tsaya a bakin kicin yana gyara hula, abin da ba ya yi. Ya ce aiki ya riƙe liman yau. Na ce to. Ya ce shi aka tura gaba. Na ce madalla. Ya ɗan jira, ganin ban ɗago ba ya ƙara da cewa:

"Da alwalar la'asar na ja su."

Na ce Alhamdu lillahi, na ci gaba da tuƙa tuwona. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Mutumin da ya ciyar da 'yan jami'a da abincin jinyarsa ba a karɓar maganarsa ba awo. Washegari da na zo wanki na ɗauko farin wandon da ya sa, na kai shi bakin taga inda haske yake, na juya shi ciki da waje kamar yadda nake juya atamfa a Kwatano.

A bushe yake, fari tas.